Hukuncin Gangar Noma da Waƙar Daka a Ƙauye

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gidan Rumji, amma ina zaune cikin Maradi ina ɗinki, da damina nake komawa gida noma. Tun tasowarmu, in aka kira gayya da ganga ake zuwa. Makaɗi yana bin manoma yana kiran sunan kowa, su kuma suna amsa masa. Bana ƙanena ya dawo daga karatu ya ce duk haramun ne, har waƙar da tsohuwarmu ke yi in tana daka, har gaɗar ƴan mata. Ya ce wanda ya ci tuwon gayyar da aka yi kiɗa a cikinta ya ci haram. Baba ya yi fushi ƙwarai, yanzu ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Malam, mene ne gaskiyar al'amarin?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka fara gaya wa Baba cewa yaron nan ba daga kansa ya ƙago maganar ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta ce bai halatta mutum ya saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba. An tambayi Imamu Malik game da waƙar da wasu mutanen Madina ke sassauci a kanta, ya ce fasiƙai ne ke yin ta a wurinsu. Abdullahi ɗan Mas'ud ya rantse cewa maganar shagala da aka ambata a aya ta 6 ta Suratu Luƙman waƙa ce. Buhari kuma ya kawo hadisin mutanen da za su zo cikin al'ummar nan suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Ibn Hazm ya soki isnadin hadisin, amma manyan malaman hadisi irin su Ibnus Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, kuma maganarsu ce ta fi ƙarfi. Duk wannan ƙanenka ya karanto shi daidai.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne da ya tattara muryar mai daka da gangar gayya da gogen bori ya ɗaure su dami ɗaya. Malaman da yake kafa hujja da su ba haka suka yi ba. Imamu Ƙurɗubi, Bamalike ne, ya rasu shekara ta 671 bayan Hijira. A tafsirin wannan aya ta Luƙman ɗin ya ce waƙar da aka haramta ita ce mai motsa rai zuwa ga sha'awa da batsa. Wadda ta kuɓuta daga haka kuwa, ya ce kaɗan daga cikinta ya halatta lokacin farin ciki kamar aure da idi, da kuma lokacin ƙarfafa gwiwar mutane kan aiki mai wahala. Misalin da ya bayar shi ne haƙar gwalalo.

A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, sahabbai sun yi ta haƙa cikin sanyi da yunwa, suna ɗaukar ƙasa a kafaɗunsu suna rera cewa su ne suka yi wa Muhammadu mubaya'a kan jihadi muddin ransu. Annabi (SAW) yana amsa musu da cewa, ya Allah babu rayuwa sai ta lahira, ka gafarta wa Ansar da Muhajirai. Wasu na bayarwa, wani na karɓa, hannu na kan aiki. Wanda ya taɓa tsayawa bakin gona ranar gayya ya san wannan siffa. A hanyar Haibar, shekara ta 7, Amir ɗan Akwa'u ya sauka yana yi wa raƙuma waƙa da dare, Annabi ya tambayi ko wane ne, da aka gaya masa sai ya yi masa addu'ar rahama. Akwai kuma Anjasha, mai daɗin murya, wanda raƙuma ke sauri in yana rera musu, har Annabi ya ce masa ya sassauta saboda matan da ke kai. Bai ce ya yi shiru ba. Ibn Abdil Barr ya ambaci cewa malamai sun haɗu kan halaccin irin wannan waƙa ta masu kora raƙuma.

Saboda haka waƙar tsohuwarku a bakin turmi, da ta mai niƙa, da ta mai rarrashin jariri, da wadda manoma ke amsawa da baki don hauya ta tafi tare, halal ne. Ban ga dalilin da zai sa a ɗaga wa tsohuwa hankali a kan wannan ba. Matar da ta tashi tun asuba ta yi sussuka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, in ta sami abin da zai rage mata nauyin taɓarya, a bar ta. Abin dubawa ɗaya ne, me take faɗa. Mun san waƙar daka ita ce kotun matan ƙauye: nan ake yi wa kishiya habaici, a yi wa uwar miji gugar zana, a goranta wa wadda ba ta haihu ba. Wannan haramun ne, ko an rera shi ko an faɗe shi a zance, saboda ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurat sun hana izgili da jifa da munanan laƙabobi da giba.

Yadda ake gyara irin wannan kuwa, Annabi ya nuna mana da kansa. Rubayyi'u ƴar Mu'awwiz ta ce ya shigo wurinta da safiyar aurenta, ƴan mata na buga mandiri suna ambaton iyayenta da aka kashe a Badar. Sai ɗaya ta ce a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe. Ya ce mata ta bar wannan, ta koma kan abin da take faɗa a da. Hadisin yana cikin Buhari. Baiti ɗaya ya taɓa aƙida, shi aka cire, waƙa ta ci gaba. Da masu wa'azinmu sun riƙi wannan hanya, da an huta da faɗace-faɗace da yawa a ƙauyuka.

Ganga ita ce wurin da magana ta fi tsauri, kuma ba zan sauƙaƙa maka abin da ba shi da sauƙi ba. A Muhtasar na Shehu Halil, a babin walima, an halatta mandiri ko da namiji ne ke bugawa. Game da babbar ganga an kawo sabani, akwai masu halattawa, akwai masu ƙi. An kuma ruwaito daga Ibn Kinana halaccin ƴar sarewa da ƙaho. Sai dai duk wannan a sha'anin aure ake maganarsa. Dasuƙi, malamin Malikiyya, ya bayyana cewa in ba a sha'anin aure ba, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne hani, ɗaya maganar kuma ita ce halacci a kowane farin ciki na Musulmi. Ke nan wanda ya ce gangar noma ba ta cikin abin da aka togace, ya bi abin da ya shahara a mazhabarmu, ba za a ce masa jahili ba.

A ɗaya gefen, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya halatta gangar mahajjata da ta mayaƙa, ya hana kayan tsirkiya da wata ganga mai siririn ƙugu da faɗin baki biyu, siffar da ta yi kama da kalangunmu, saboda a zamaninsa alama ce ta mutanen banza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da sukar da ya yi wa sarakunan Hausa kan yawan kaɗe-kaɗe a Kitabul Farƙ, ya bar ƙofar buga ganga don manufar da shari'a ta yarda da ita, kamar tara runduna ko sanar da tashinta.

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne gangar gayya ta fi kusa da wannan nau'i. Da ita ake sanar da gari cewa yau aikin wane ne, da ita ake daidaita saran hauya, kuma da an tashi daga gona an ajiye ta. Wanda ya bar ta don tsantseni ya kyauta. Wanda ya yi gayyarsa da ita, ba tare da abubuwan da zan ambata ba, ba na ce masa ya yi haram, kuma ba ya halatta a fasiƙantar da shi kan mas'alar da malamai suka yi sabani a kanta. Goge da garaya da gurmi da sauran kayan tsirkiya kuwa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana su, kuma shawarata a nisance su. A ƙasar Katsina da Gobir ma an san goge da garaya da kiran iskoki.

Maganar tuwo kuwa kuskure ce tsantsa. Geron halal ne, gumin da aka yi halal ne, kiɗan da aka yi a gefe ba ya shiga tukunya. Ita gayya kanta tana cikin taimakekeniya kan alheri da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da ita. Gonar mai takaba da ta tsohon da ƴaƴansa suka tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya, wa zai nome su kafin ciyawa ta cinye shuka in ba gayya ba?

Yanzu ga abin da babu sabani a kansa, kuma nan nake so ƙanenka ya sa ƙarfinsa. Wasu take da kirarin noma tsofaffi ne, sun taso tun lokacin da ake yi wa gona yanka. Za ka ji ana ambaton Uwar Gona ko Doguwa, ana neman albarkar damina a wurinsu. Sau da yawa makaɗin ma bai san abin da yake faɗa ba, gado ya tarar. A sanar da shi da lalama ya cire, domin roƙon wanin Allah ruwa ko amfanin gona shirka ne. Haka kirarin da ke zuga mutum ya dogara da guru da laya, ya ce ƙarfe ba ya kama shi.

Sai tramol. A ganina wannan ya fi ganga haɗari nesa ba kusa ba, amma ba ka cika jin ana ɗaga murya a kansa ba. Saurayi ya haɗiyi ƙwaya don kada a wuce shi a kunya, makaɗi na zuga shi, ya yi ta sara cikin rana har ya faɗi yana farfaɗiya. Mai gayyar da ya san ana jefa ƙwaya a cikin fura ko shayin ma'aikatansa ya yi shiru, yana da kamasho a zunubin. Haka barin azahar ta wuce ana cewa sai an kai ƙarshen gona. Haka maroƙin da ke yabon mutum da abin da babu shi, har ya kyautar da akuyar da iyalinsa ke kallo, wanda ya hana kuma a bi shi da zambo. Muslim ya ruwaito daga Miƙdad umarnin a watsa wa masu wuce iyaka a yabo ƙasa a fuska. Abin da aka karɓa don mutum na tsoron bakinka ba halal ba ne. Amma ladan da mai gayya ya ba makaɗi da daɗin rai, a kan maganar da na rinjayar, babu laifi.

Gaɗar ƴan mata ƙanana ranar salla ko biki tana da asali. Nana A'isha ta ce Abubakar ya shigo ya tarar da ƴan mata biyu suna rera waƙoƙin yaƙin Bu'as, ya tsawata musu, Annabi ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan shi ne namu. Wata rana kuma da aka kai amarya gidan wani Ba'ansare, Annabi ya tambayi A'isha ko ba su tafi da abin wasa ba, domin Ansar suna son wasa. Kiɗan ƙwarya da shantu tsakanin mata a cikin gida ranar biki, in bakin ya tsarkaka, ina ganinsa kusa da wannan. Abin da ba ya halatta shi ne dandalin dare inda baligai mata ke rawa samari sun kewaye su, yanzu har da waya ana ɗauka ana watsawa a TikTok. Kuma iyaye su lura, garuruwan da aka kashe gaɗa gaba ɗaya ba a kawo komai a madadinta ba, sau da yawa abin da yaran suka koma saurare a wayoyinsu ya fi gaɗar muni.

Ka gaya wa ƙanenka, surar nan ta Luƙman da ya ɗauko hujja daga aya ta 6, ya ƙarasa zuwa aya ta 15. Can Allah ya ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa. To ina ga uban da ke salla, sabaninku da shi ganga ce kawai? Ya je ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Gayya mai zuwa, kai da kake babba ka sami makaɗin tun da dare, ku bi takensa ɗaya bayan ɗaya, a cire na cirewa. A yi sharaɗi babu ƙwaya, kuma ana kiran azahar a ajiye ganga da hauya. In zuciyar ƙanenka ba ta natsu da gangar ba duk da haka, ya ɗauki hauyarsa ya kama kunyar da ke can gefe, ko ya nome rabonsa kashegari da safe, ba tare da ya aibata kowa ba.

Wallahu a'alam.