Wai Wa Ke Zaɓen Shugaban Gwamnatin Jamus?

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ƙanina dake zaune a Jamus yace min su basa zaɓen shugaban gwamnati da kansu, to wai meye amfanin ƙuri'ar tasu? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya ƙaninki bai miki ƙarya ba. Can ƴan majalisar Bundestag mutane ke zaɓa, su kuma su zaɓi shugaban gwamnatin, wanda ake kira Chancellor. Takardar zaɓen ma gida biyu ce, hagu ki dangwala wa ɗan takarar mazaɓarki, dama kuma jam'iyya, kuma ta daman nan ita ce mai nauyi don da ita ake raba kujeru 630, jam'iyyar da bata kai kashi 5 cikin ɗari ba galibi sai dai ta leƙo ta taga. Da irin wannan rabon da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye ita kaɗai, shi yasa galibi sai jam'iyyu sun yi ƙawance kafin a kafa gwamnati. Kinga Friedrich Merz da ya zama shugaban gwamnati a 2025 sai a zagaye na biyu na ƙuri'ar majalisar ya sha.

Jihohi 16 kuma suna da bakin magana ta majalisar Bundesrat, makarantu da yawancin aikin ƴan sanda duk a hannunsu suke. Ai mu ma munyi irin wannan tsarin da shugaban gwamnati ke fitowa daga majalisa zamanin Tafawa Ɓalewa, kafin juyin mulkin 1966.