Shekara uku a gaban inji, ba takardar aiki

Tambaya: Shekarata uku a wata masana'antar roba a Sharaɗa, awa 12 kullum a tsaye, amma har yau ɗan kwangila ke biyanmu kuɗin yini. Ba takarda, ba fansho. Doka ta yarda da haka? Akwai ranar da abin zai sauya? — Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Malam, doka ba ta yarda ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar ba a sallamarsa sai da notis na mako biyu.

Sako ɗan kwangila a tsakani lissafi ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, dizal da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Mai masana'anta ba shi da iko da dala, sai ya matse leburan da ba shi da baki. Ma'aikacin dindindin sai kamfani ya zuba masa kashi 10 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, ga kashi 1 na asusun NSITF don diyyar rauni. Ɗan yini kuwa sunansa ba ya cikin littafin albashi. Ran da inji ya datse masa yatsu, sai a ce ba a san shi ba. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, shi ya sa ake rarraba ku tsakanin 'yan kwangila.

Ka fara tara shaida: katin shiga, hoton rajistar zuwa aiki, kuma ka nemi a riƙa biyanka ta banki. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kada ka kai ƙara kai kaɗai, washegari za a hana ka shiga ƙofa. Ku haɗu ku shiga ƙungiyar ƙwadagon sana'arku, sashe na 40 na Tsarin Mulki ya ba ku wannan 'yanci. Sannan ku rubuta koke zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. In sulhu ya ci tura, sai Kotun Ƙwadago ta Ƙasa (National Industrial Court).

Batun sauyi kuwa, muddin matasa na layi a bakin ƙofa da asuba, mai jari ba zai ƙara ko sisi don kansa ba. Masu binciken ƙwadago kuma sun yi kaɗan.