Ina magana ta hanci kuma muryata siririya ce, ko akwai gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni matashi ne shekarata 26, ina koyarwa a wata firamare amma babban burina in shiga aikin rediyo. Tun ina yaro ake min dariya wai ina magana ta hanci, ga muryata siririya, in na yi saƙon murya a WhatsApp na saurara sai kunya ta kama ni in goge. Na sha ɗanyen ƙwai da zuma har na gaji, yanzu kuma wani yace min beli ne, in je wanzami ya cire. Shin akwai yadda zan yi muryata tayi kauri in kuma daina magana ta hanci? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da haƙuri, na san abin nan yana ci wa mutum rai fiye da yadda masu dariyar suke zato. Kafin komai dai, dan girman Allah kar ka je wurin wanzamin nan, bari in maka bayanin dalili don a nan duk amsar tambayarka take.

Sa harshenka a saman bakinka ka ja shi baya, zaka ji wuri mai tauri kamar ƙashi, wannan ita ce ganɗa, in ka ƙara matsawa baya sai ka ji wurin yayi laushi, to wannan mai laushin shi ake kira hanɗa kuma a ƙarshensa ne beli yake reto. Hanɗa ƙofa ce tsakanin baki da hanci. Duk lokacin da kake magana tana ɗagawa sama ta manne da bangon maƙogwaro ta rufe hanyar hanci don iska ta fito ta baki, sai in ka zo kan "m" ko "n" ta sauko ta bar sautin ya bi ta hanci, duk wanda ya yi tajwidi a Islamiyya ya san wannan, ita ce gunna da malam yake cewa a riƙe a kan mimun da nunun masu shadda. Toh kaga beli ɓangare ne na wannan ƙofar, kai kuma ƙorafinka shine kamar sauti yana zurarewa ta hanci, yaya za'ayi a gyara ƙofar da bata rufuwa sosai ta hanyar yanke mata wani yanki? Ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta in kayan aikin basu da tsafta, ga tabo da kan iya sa wurin ya ƙanƙance ya daina motsi yadda ya kamata. A babban mutum zubar jinin ba wasa bane sam.

Abu na biyu, abinda mutane suke kira "magana ta hanci" a gaskiya matsaloli biyu ne kuma kishiyoyin juna ne, shi yasa shawarar da ta yi wa wani amfani kai ta iya zame maka ɓata lokaci. Akwai wanda iska ta yi yawa a hancinsa saboda ƙofar nan bata rufewa, akwai kuma wanda hancin ne a toshe iskar bata samun hanya ko a inda ya kamata ta bi, irin muryar mai mura kenan da zaka ji "mama" ta koma kamar "baba". Kunnen mutane duk ɗaya yake jinsu, amma maganinsu daban.

Zaka iya gwadawa yanzu a ɗaki. Faɗi wannan jimlar da babu "m" ko "n" ko ɗaya a cikinta: "Baba ya tafi kasuwa da safe". Sake faɗa ka toshe hancinka da yatsu biyu. In muryar bata canza ba kuma baka ji hancin yana rawa a ƙarƙashin yatsunka ba, to ƙofarka tana rufewa lafiya lau. In kuwa muryar ta canza ta zama kamar an danne ta, to sauti yana bi ta hanci a inda bai kamata ba. Ka kuma ɗauko ƙaramin madubi mai sanyi ka kara a ƙasan hancinka ka maimaita jimlar, in ya yi hazo iska tana fita. Sannan gwajin ɗaya ɓangaren, kace "Nana na neman mama" hanci a buɗe, sake faɗa hanci a toshe, mai lafiyayyen hanci zai ji bambanci ƙarara har maganar ta kusa gagara, in kai baka ji wani bambanci sosai ba to dama can hancinka a toshe yake.

In toshewa ce, wannan ita tafi sauƙi kuma ita tafi yawa a wurinmu musamman da hunturu da ƙura take tashi. Yana iya zama alaji, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu kamar ƙura, ko kumburin kogunan hanci, ko tsiron nama a ciki, ko karkacewar guringuntsin da ya raba kafofin hanci biyu, a yara kuma sau da yawa naman nan ne na bayan hanci da likitoci ke kira adinoyid yake girma, zaka ga yaro kullum baki a buɗe yana minshari da dare. Babu atisayen murya da zai buɗe toshesshen hanci, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Abinda zaka iya yi a gida shine wanke hanci da ruwan gishiri, ƙaramin cokali 1 a rabin lita na ruwa, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, amma a tafasa ruwan a bar shi ya huce tukuna. Kuma dan Allah ka kiyayi maganin ɗigawa ko fesawa a hanci irin su Otrivin da ake saya a kemis, yana buɗe hanci nan take shi yasa mutane suke maƙale masa, amma in aka wuce kwana 5 zuwa 7 ana sawa sai hancin ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake, na ga masu yawo da shi a aljihu shekara da shekaru.

In kuma zurarewar iska ce, sai mu tambayi shin ƙirar wurin ce ko sabo ne. Tunda kace tun kana yaro ne, ka je ka tambayi mahaifiyarka ko wata babba a gida, kana jariri nono yana fito maka ta hanci? Ka sha wahalar kama nono? Ka yi yawan ciwon kunne? Kai da kanka yanzu in kana shan koko ko shayi yana taɓa biyo maka ta hanci? Ka haska fitilar waya a madubi ka duba belinka, guda ne ko kansa ya rabu biyu? Akwai tsagewar ganɗa da take ɓoye a ƙarƙashin fatar baki, ido baya ganin rami amma naman da ke ciki bai haɗe ba, mutum sai ya girma har ya yi aure ba'a gano ba ana ta ce masa ya daina shagwaɓa. Irin wannan likita yana zura siririyar kyamara ta hanci ya kalli yadda ƙofar take motsi kana magana, in ta kasa kaiwa bango to tiyata ce ko kuma wani abu da ake ƙerawa a maƙala a saman baki, bayan nan sai horon magana ya biyo. Kai da kake Zariya asibitin koyarwa na Shika yana kusa da kai, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, a Kano akwai asibitin Malam Aminu Kano, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin tsagewar leɓe da ganɗa kyauta a asibitocin da take haɗin gwiwa da su a Najeriya. Wannan hura balam-balam da busa usur da zaka ga ana koyarwa a intanet wai don ƙarfafa hanɗa, kar ka ɓata lokacinka a kai, busa daban magana daban, ba ya gyara hanɗar da ta yi gajarta.

Ga wani gargaɗi ga sauran masu karatu, in babban mutum da yake magana lafiya ya wayi gari muryarsa ta koma ta hanci, ga sarƙewa in yana haɗiye abu ko baki ya karkace ko fatar ido tana saukowa ko hannu ya yi nauyi, wannan a tafi asibiti a ranar, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki ko ciwon jijiya. Haka hanci ɗaya da ya toshe ya ƙi buɗewa yana fitar da jini, da dashewar murya da ta wuce sati 4 musamman ga mai shan taba ko shisha.

Toh in an duba an ga komai lafiya, sabo ne kenan, kuma a nan ne nake jin daɗin aikina na horon murya don ana samun canji na gaske. Mafi yawan masu wannan matsalar da suke zuwa wurina basa buɗe baki, haƙora a kusa da juna, bayan harshe ya tashi sama ya cika maƙogwaro, sauti ya rasa ta inda zai fita sai ya haura. Kuma wanda aka daɗe ana yi wa dariya ya fi kowa matse baki da rage murya, abin sai ya ƙara muni. Akwai wani ɗalibi da na taɓa yi wa horo, na tsayar da shi gaban madubi nace ya karanta layi biyu, wallahi leɓensa kawai ke motsi ko tsinke ba zai shiga tsakanin haƙoransa ba, da nace ya sa yatsa ɗaya a tsakani ya maimaita "aa" da kansa ya juyo yana kallona don bai taɓa jin muryarsa haka ba.

Ka fara da hamma. Yi kamar zaka yi hamma ka ji yadda can ciki ya buɗe hanɗa ta ɗaga harshe ya kwanta, daga nan ka saki "haaa" a hankali. Bayan haka ka ɗauki kalmar "ganga", ka ja gaɓar farko "gannn" zaka ji hancinka yana rawa, sai ka faɗa kan "ga" da ƙarfi ka ji rawar ta ɗauke, wannan ɗaukewar ita ce hanɗa ta rufe, ita kake so ƙwaƙwalwarka ta gane ta riƙe. Yi da "tunga", "hange", "bango". Sannan ka koma kan jimloli marasa "m" da "n" kana taɓa gefen hancinka da yatsa kana lura, irin su "Audu ya sayo dawa da gero", sai ka yi rikodin a waya ka saurara. Minti 10 sau 2 a rana yafi awa guda a sati, kuma ka ba shi wata 2 zuwa 3 kafin ya shiga maganarka ta yau da kullum, a aji gaban ɗalibanka ma filin gwaji ne mai kyau.

Maganar kauri kuma, gaskiya zan faɗa maka. Kaurin murya ya dogara da tsawo da kaurin tantanin maƙwallato, wato tantanin da ke cikin maƙoshi wanda karkaɗawarsa ke samar da murya, na namiji baligi yakan karkaɗa wajen sau 100 zuwa 130 a daƙiƙa, na mace wajen sau 200, kuma wannan ƙira ce da ta zauna tun lokacin balaga. Ƙwai da zuma hanyar abinci suke bi, basa ko taɓa tantanin, zuma tana sanyaya maƙogwaro in yana kaikayi shikenan, ɗanyen ƙwai kuwa sai dai ya jawo maka gudawa. Kar kuma wani ya ruɗe ka da allura ko ƙwayar ƙara ƙarfin namiji. Amma gwada wannan, yi tari ko gyaran murya ka saurara, in tarinka mai kauri ne irin na maza amma maganarka can sama take kamar ta yaro, to muryar manya tana nan a jikinka baka sauko kanta bane tun lokacin da ta fashe, wannan sananniyar matsala ce kuma tana cikin masu saurin gyaruwa a hannun mai horon murya.

In ba haka bane, ka nemo inda muryarka take zaune da kanta, kace "uhm" kamar kana amsa wa wani magana ba tare da tunani ba, daga wannan matakin zaka riƙa fara magana. Ka ja numfashi har cikinka ya taso, kafaɗa a sake, ka rage sauri. Kar ka riƙa danne maƙoshi ƙasa da ƙarfi kana kwaikwayon masu karanta labarai, kafin a tashi daga makaranta muryar zata dashe, kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, in ka danne komai a ƙasa sai "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya su zama ɗaya a kunnen mai sauraro, a rediyo kuwa fitar kalma tsaf ita ake fara dubawa. Ka riƙa shan ruwa sosai tunda aikinka na magana ne ga ƙurar alli, ka rage yawan gyaran murya da raɗa da ihu a kan yara.

Shi kuma saƙon muryar da kake gogewa, kowa haka yake ji, in kana magana kana jin kanka ne ta iska da kuma ta ƙashin kai, ƙashi yana ƙara wa sauti kauri, rikodin kuwa ta iska kaɗai yake dawo maka shi yasa kake jin ta siririya fiye da yadda ka saba. Daga yau ka daina gogewa, ka ajiye guda ɗaya da kwanan wata kana karanta jimlolin gwajin can biyu, ta "Baba" da ta "Nana", ka yi gwajin madubin, in ya yi hazo ko hancin a toshe yake ka fara zuwa wurin likitan hanci da rikodin ɗin a wayarka kafin ka shiga atisaye.