Filin Lambun Gida: Karas mai launin shunayya, daga iri zuwa tukunya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An kawo mini tsarabar irin karas mai launin shunayya a 'yar takarda, na shuka a bayan ɗaki cikin watan Afirilu. Mako uku ina ba shi ruwa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Irin ne ya mutu, ko kuwa ƙasarmu ce ba ta karɓarsa? Daga wata uwargida a Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙasar Zariya tana karɓar karas, shaida kuwa ga masu noman rani a fadamun Galma suna fitar da shi duk shekara. Mai launin shunayya ba shi da wata buƙata da ta bambanta da ta wanda kika saba saye a kasuwar Sabon Gari. Lokaci ne ya ci ki. Maris da Afirilu su ne ganiyar zafi a nan, rana takan haura digiri 35, shi kuwa irin karas da zarar ƙasa ta wuce digiri 30 tsirowarsa take ja baya. Ki shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, don saiwar ta yi girmanta cikin sanyin hunturu, ki cire a Janairu ko Fabrairu kafin bazara ta kama.

Kafin nan ki gwada sauran irin. Ki jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe, ki sa a leda a wuri mai sanyi a ɗaki. Idan bayan kwana goma zuwa goma sha huɗu shida ko bakwai sun tsaga, irin na da rai. Irin karas ba ya wuce shekara uku da ƙarfinsa, a zafin ɗakunanmu ma bai kai haka ba, don haka a ajiye shi a kwalba mai murfi, nesa da rana.

Gyaran ƙasa shi ne rabin aikin. Ki yi fangali mai faɗin mita ɗaya a inda rana ke samu aƙalla awa shida. Ki tona zurfin santimita 30, ki farfasa ɓurɓushin, ki tsince tsakuwa da guntayen bulo da leda, waɗanda ba a rasa su a bayan gida. Jar ƙasar nan tamu tana daskarewa idan ta sha ruwa ta bushe, saboda haka a kowace mita ɗaya ki zuba bokiti ɗaya na yashin rafi da bokiti ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, wanda ya koma baƙi ba ya wari. Idan wurin marmara ce a ƙasa, kada ki wahalar da kanki da haƙa: ki tara ƙasa sama, ko ki cika buhu ko bokiti mai zurfin santimita 30 ki huda gindinsa.

Ki ja layi da yatsa, zurfin santimita ɗaya kawai, tsakanin layi da layi santimita 20. Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, rabin giram ya ishi mita ɗaya. Ki gauraya shi da busasshen yashi cikin tafin hannu don ya bazu, ki barbaɗa, ki rufe da yashi ko tankaɗaɗɗen taki, ba da laka ba. Ba a yi wa karas reno a dasa kamar tumatir. Inda aka shuka shi nan zai zauna.

Nan ne wurin da yawancin mutane ke faɗuwa. Irin yana ɗaukar kwana bakwai zuwa ashirin da ɗaya kafin ya fito, kuma duk tsawon wannan lokaci saman ƙasar bai kamata ya bushe ko sau ɗaya ba. Iskar hunturu kuwa cikin awa biyu take busar da shi, ya yi ɓawo, tsiron da bai fi zare kauri ba ya kasa fasa shi. Maganin shi ne buhun algarara: ki shimfiɗa a kan fangalin, ki riƙa yayyafa ruwa ta kansa safe da yamma da gwangwanin da aka huhhuda. Daga kwana na shida ki riƙa ɗagawa kina dubawa, ranar da kika ga kore ki cire buhun da yamma. Ki kuma kare wurin daga kaji, tono ɗaya ya isa ya watsa aikin.

Idan tsiron ya kai tsawon yatsa, ki rage shi, ki bar santimita 4 zuwa 5 tsakani. Mun san hannu yana nauyin cire lafiyayyen tsiro, amma wanda aka bari a cunkushe ganye kawai zai ba ki. Daga nan ban-ruwa ya koma duk bayan kwana biyu ko uku, lita 10 zuwa 15 a mita ɗaya, ya ratsa ƙasa sosai. Yawancin ire-iren suna nuna cikin kwana 70 zuwa 90.

TAMBAYA: Nawa ya fito ya yi ganye shar, amma da na tona sai na tarar da saiwar ta rarrabu biyu uku, wasu da ƙulle-ƙulle a jiki, wasu sun tsage. Na sa masa kashin kaji da yawa. Daga wani malamin makaranta a Samaru.

AMSA: Malam, matsala uku ce ka haɗa, kowace da sanadinta. Rarrabuwar tana faruwa ne idan kan saiwar ya ji rauni tun tana ƙarama, ko ta ci karo da dutse, ko ɗanyen taki ya ƙone ta. Kashin kaji da bai ruɓe ba yana kan gaba wajen wannan, kuma yawan sinadarin naitirojin da ke cikinsa shi ya ba ka ganye ya hana ka saiwa. A bar shi ya yi wata uku a tare ana jiƙawa ana juyawa kafin ya shiga fangali. In takin zamani za ka sa, NPK 15-15-15 kimanin giram 40 a mita ɗaya ya wadatar, a gauraya da ƙasa kafin shuka. Yuriya ba ta da wuri a nan.

Tsagewa kuwa daga ban-ruwa ne: ƙasa ta bushe kwanaki, sai a kwarara mata ruwa, cikin saiwar ya kumbura fiye da yadda fatar za ta iya ɗauka. Barin karas a ƙasa bayan ya nuna ma yana jawo haka.

Ƙulle-ƙullen su suka fi damun mu. Alama ce ta nematod, wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke yawaita inda aka daɗe ana shuka tumatir, kuɓewa, yalo ko barkono. Kada ka maimaita karas a wannan wurin bana. Ka sa masara ko dawa a madadinsa, sa'annan a cikin zafin Maris da Afirilu ka jiƙa ƙasar sosai, ka rufe ta da farar leda mai nuna ciki, ka danne gefunan da ƙasa, mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage su ƙwarai. In kana shakka, ka tuge guda biyu da ƙasarsu ka kai wa masana a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan kusa da kai.

TAMBAYA: Da na yanka nawa sai na ga cikinsa ruwan lemo ne, da na dafa kuma ya rina mini shinkafa. Rini aka yi wa irin? Kuma zan iya ajiye iri daga nawa? Daga wata ɗaliba a unguwar Kongo, Zariya.

AMSA: Babu rini, Malama. Asalin karas ɗin da aka fara nomawa a yankin Afganistan da Iran, shekara dubu da suka wuce, shunayya ne da rawaya. Mai ruwan lemo daga baya ya yaɗu daga ƙasar Holan, wajen ƙarni na 17. Launin shunayyar daga sinadarin antosayanin yake, dangin wanda ke ba zoɓo jansa, kuma yana narkewa a ruwa, shi ya sa ya bi shinkafarki. Ki ci shi ɗanye a kwaɗo ko salak, ko ki turara shi daban ki zuba a ƙarshe; ɗan lemon tsami yana mayar da shi ja mai haske. Ire-ire kamar Cosmic Purple da Purple Haze fatarsu ce kawai shunayya, don haka a wanke su, kada a fere. Mai son launi har tsakiya ya nemi Black Nebula ko Pusa Asita ta Indiya.

Batun ajiye iri, ba mu ba ki shawara ba. Karas sai a zangonsa na biyu yake fure, bayan ya sha sanyin da hunturunmu ba kullum yake kaiwa ba. Wanda ya yi saurin fitar da kara ya yi fure tun a zangon farko, saiwarsa takan yi itace, 'ya'yansa kuma su gaji halin. In kuma takardar na ɗauke da alamar F1, wato irin da aka samar ta haɗa auren iri biyu, kamar Purple Haze, abin da zai fito daga irinsa ba zai yi kama da uwar ba. Ki sayi sabo, ki duba ranar da aka rubuta a jikin takardar kafin ki biya.