Matse kaya da injin zuƙe iska: ina ribar take?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina shigo da barguna, matasan kai da atamfa daga Guangzhou. Wakilina ya ce a riƙa sa kayan a leda ana zuƙe iskar ciki kafin lodi, wai kuɗin dako zai ragu, sito kuma zai ɗauki kaya da yawa. In amince?

Amsa: Alhaji, ka amince, amma ba a kan dukkan kayan ba. Injin nan girman kaya kawai yake ragewa, nauyi kuwa yana nan daram, saboda haka ribarka tana wurin da ake cajin fili, kuma a kan kayan da iska ta yi wa yawa.

Idan ta jirgin sama ne, ana kwatanta nauyin sikeli da nauyin girma, a caje ka wanda ya fi yawa. Don samun nauyin girma, ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6,000, wasu kamfanonin aika saƙo kuma da 5,000 suke rabawa. Misali, kwali mai 60 da 50 da 40 kilo 20 ne a wannan lissafi, ko da bargunan ciki kilo 8 ne a sikeli. Ka matse shi ya koma rabi, kuɗin kilo 10 za ka biya. Da zarar nauyin girman ya sauko kilo 8, duk ƙarin matsi wahalar banza ce, domin sikeli ya karɓi magana. Sharaɗin shi ne a sauya kwalin da ƙarami, don kwali ake aunawa, ba leda ba.

Ta ruwa ma haka ne ga mai haɗakar kwantena, tunda da kubik mita ake caji, kuma cikin kwantena mai ƙafa 20 bai wuce kimanin kubik mita 33 ba.

Atamfa da shadda ka ƙyale su, tun daga masaƙa a matse suke, sai dai ka yi asarar kuɗin leda.

Batun ajiya ya fi buƙatar hattara. Bargon da aka rufe da ɗanshi a jikinsa zai fito da warin fumfuna, musamman idan ya yi damina a sito yana jiran hunturu. Matashin soso da ya daɗe a matse kan ƙi komawa yadda yake, mai saye kuwa a Kwari da hannu yake latsa kaya kafin ya taya. Saboda haka ka buɗe su kwanaki kafin ka fitar gaban shago. Ka kuma sani ƙaramar huda ɗaya ta isa ledar ta kumbura ta fasa kwali, kuma idan jami'an kwastam suka yanka don dubawa, ba mai sake matse maka.

Ka nemi wakilin ya rubuto maka farashi biyu, na matsi har da kuɗin leda da aiki, da na lodin da ka saba, sannan ka fara gwadawa da barguna kaɗai.