Na rufe wa ɗalibai Control Panel, sai ya rufe har da ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfutoci takwas ne a kan sola, yara suna zuwa koyon yadda za su rubuta JAMB. Kullum sai na tarar an canza hoton fuskar kwamfuta, an zuba wasanni, an soka filashi mai bairos. Wani ya nuna mini gpedit.msc, na rufe Control Panel, sai ga shi ni ma na kasa shiga. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan aiki albarka, don yaron ƙauye da ya saba da linzami da allon rubutu kafin ranar jarrabawa an rage masa babban tsoro.

Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Idan ka buɗe gpedit.msc, wato wurin da ake kafa wa Windows dokokin abin da aka yarda da wanda aka hana, za ka ga gida biyu. Na sama, Computer Configuration, dokar na'ura ce: tana fara aiki da zarar an kunna, kuma ba ruwanta da wanda ya zauna a gabanta. Na ƙasa, User Configuration, dokar mutum ce, tana hawa lokacin da mutum ya shiga da sunansa. Inda aka samu matsala shi ne, dokar mutum da aka saka ta wannan ƙofa tana kama duk wani mai suna a kwamfutar, har da shugaba, wato Administrator, mai cikakken iko a kan kwamfutar. Kamar ka datse ƙofar zaure ne kana daga waje, makulli yana ciki.

Fara da warware abin da ka ɗaure. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta gpedit.msc, ka bi User Configuration, Administrative Templates, Control Panel. Dokar da ka kunna ita ce Prohibit access to Control Panel and PC settings. Mayar da ita Not Configured.

Daga nan sai aikin da na fi so ka ba muhimmanci, don ina zargin kai da ɗaliban suna ɗaya kuke shiga da shi. Muddin yaro yana zaune a matsayin Administrator, duk dokar da ka kafa zai iya cire ta, kuma yaran yanzu suna koya wa juna da sauri. Buɗe musu suna na daban, ka kira shi Dalibi, ka bar shi a matsayin Standard user, wato mai amfani da ba shi da ikon shugaba. Naka kuwa ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, kada ka riƙa buga ta suna tsaye a kanka. Wannan kaɗai zai tare yawancin manhajojin da suke girkawa, domin kwamfutar za ta nemi kalmar sirrinka.

Tun daga Windows Vista aka ba da damar kafa doka ga waɗanda ba shugabanni ba kawai, amma ba kowa ya san hanyar ba. Danna Windows da R, ka rubuta mmc. A File ka zaɓi Add/Remove Snap-in, sai Group Policy Object Editor, ka danna Add. Kada ka yi saurin danna Finish: shiga Browse, ka buɗe shafin Users, ka zaɓi Non-Administrators. Duk abin da ka saka a nan ɗalibai kaɗai zai kama. A nan za ka rufe Control Panel, ka kunna Prevent changing desktop background a ƙarƙashin Personalization. Dokar rufe filashi kuma tana System, Removable Storage Access, dokar All Removable Storage classes: Deny all access. Linzami da allon rubutu ba za su shafu ba. Idan ka gama, sa ɗalibi ya fita ya sake shiga, ko ka rubuta gpupdate /force.

Shawarata a kan filashi: ka rufe shi, amma ka ware kwamfuta ɗaya a kusa da teburinka wadda mai son kwafar aikinsa zai zo wurinka. Kuma kada ka bi dokokin nan kana kunna duk wadda ka gani. Wurin koyo ne. Yaron da bai taɓa ganin inda ake gyara sauti ko haɗa firinta ba, karatunsa da saura. Ka riƙa buɗe musu a darasi kana kallo. Duk dokar da ka kunna ka rubuta ta a littafi, saboda ranar da za ka nemi cire ta.

Idan ba ka da saba, wato babbar kwamfuta da ke haɗa kwamfutocin, sai ka bi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ga sauran masu karatu: gpedit.msc yana cikin Windows Pro, Education da Enterprise, babu shi a Home. Rubuta winver zai nuna maka wanne gare ka. Mai Home ya tsaya a kan raba sunan shugaba da na ɗalibi, kada ya sauko da wani fayil daga intanet da aka ce zai ƙara masa shi.

Idan Windows 10 ce a kansu, Malam, Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoba, 2025. Ka duba waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11, sauran kuma ka rage haɗa su da intanet.