Amsa: Karena ya rage ci tun da muka tare a sabon gida

Malam, ka ce tun da kuka tare karenka ya rage cin abinci, yana ta haushi da dare, kuma kana gudun ƙorafin maƙwabta. Kwantar da hankalinka. Kare da hanci yake gane wuri, yanzu kuwa duk inda ya shinshina babu warin da ya sani.

Kada ka wanke shimfiɗarsa tukuna, kada kuma ka saya masa sabuwa. Ka ajiye tsohuwar da kwanon da ya saba ci a ciki a wani lungu mai shiru, can zai riƙa komawa in ya tsorata. Lokacin ci da na fita yawo su tsaya yadda suke a da. Abincin ma kada a canja, cikinsa na iya ɓaci.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓacewa, don a makonnin farko wasu karnuka kan tsere neman tsohon gida. Duba katanga da ƙarƙashin ƙofa, kada ka fita da shi babu igiya, ka rataya masa lambar wayarka a wuya.

Maƙwabta kuwa, kai za ka fara zuwa gaishe su. Ka tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, ka kuma shaida musu. Ba kowa ke son kare kusa da 'ya'yansa ba, kuma suna da gaskiyarsu.

In ya yi kwana 2 cur bai ci komai ba, ko yana amai, kai shi wurin likitan dabbobi.